Mutum ɗaya da hurinsa a bakin Bahar Maliya

Bahaushe ba baƙon ruwa ba ne. Muna da Sarkawa da Kabawa, muna da masuntan Yawuri da na tafkin Chadi, a Sudan ma duk inda aka yi zancen su a kogin Nilu sai an ambaci Hausawa. Sai dai duk wannan ruwan daɗi ne, wanda galibi in abu ya ɓaci mutum zai hango tudu ya nufa. Ruwan gishiri wani karatu ne dabam. Kakanninmu da suka tafi hajji a ƙasa a Sawakin suka fara yin arba da shi, inda suke jiran jirgin da zai tsallaka da su Jidda, wasunsu kuma suka yi zamansu a wannan gaɓa, har yau jikokinsu na nan a Fot Sudan. A gaɓar akwai wata sana'a da na daɗe ina ganin girmanta: ta mutumin da ke fita shi kaɗai cikin ƙaramin kwale-kwale mai inji, ya yi su da zare da ƙugiya a gefen duwatsun murjani, ya dawo kafin iska ta tashi.

Huri ake kiran kwale-kwalen. A da daga gungumen itace guda ake sassaƙa shi, yawanci a gaɓar Indiya, a kawo shi cikin manyan jiragen fatake, ana tuƙa shi da filafili ko ɗan ƙaramin tanti na kama iska. Yanzu na katako da na faiba sun fi yawa, tsawonsa bai cika wuce mita 5 ko 6 ba, a bayansa an ɗaura inji mai ƙarfin doki 15 ko abin da ya yi kusa da haka. Wasu kan fita su biyu ko uku. Wanda ya fi burge ni shi ne mai fita shi kaɗai, domin aikin da mutum huɗu ke rabawa a babban jirgi duk a wuyansa yake. Shi ne matuƙi, shi ne makanike, shi ne mai duban hanya, shi ne masunci, in ruwa ya shigo kuma shi ne mai kwarfewa. Mutane da yawa na zaton zuwan inji ya mayar da aikin wasan yara. A ganina inji nesa kawai ya ƙara wa masunci, kuma duk taƙin da ya ƙara nisa da tudu, bukatarsa ga ilimi ta ƙaru.

Sai an san yadda wurin yake kafin a gane ƙwarewar. Gaɓar Sudan a Bahar Maliya ta haura kilomita 700, kuma kusan duk tsawonta murjani ya yi mata katanga. Daga bakin yashi akwai ruwa marar zurfi, sai dutsen murjani da ya bi gaɓa, sai wani kwari mai zurfi, sannan can gaba a sake tarar da wasu jerin duwatsun a tsakiyar ruwa, irin su Winget da Towartit da Sha'ab Rumi. Nan da can katangar ta tsage ta bar ƙofa, ta nan ake shiga lungunan da ake kira marsa, inda jirage ke fakewa. Murjanin nan ba abin wasa ba ne: ƙuncin mashigar Sawakin ne ya sa Turawan Ingila suka koma arewa da kimanin kilomita 60 suka fara gina Fot Sudan a 1905, aka buɗe tashar a 1909. Gefen duwatsun kuma a tsaye yake. Kana kan ruwan da bai kai ƙugu ba, ka matsa kaɗan sai ƙasa ta ɓace. Tsibirin murjani na Sanganeb, mai nisan kilomita 25 daga gaɓa, wanda UNESCO ta sa a jerin wuraren gado na duniya a 2016 tare da Dungunab, daga zurfin kusan mita 800 ya taso. A daidai wannan baki, inda tudu ya haɗu da rami, nan kifi yake taruwa, nan kuma jirgi yake fashewa.

Aikin yana farawa tun kafin asuba, da neman abin da za a sa wa ƙugiya. Masunci kan tsaya a ruwan marsa da birgi a kafaɗa, yana kallon inda fuskar ruwa ke yin yamutsi, ya wurga ya rufe garken ƙananan sardin. In bai samu sardin ba, rabin ranar ta tafi tun ba a fara ba. Daga nan sai lodi, shi ma da tsarinsa. Tunda shi da inji duk a baya suke, in ya bar gaba babu nauyi hancin huri zai ɗaga sama, iska ta riƙa juya shi yadda ta so. Don haka akwatin ƙanƙara da jarkar ruwan sha da duwatsu da anga duk gaba ake tura su, har sai hurin ya kwanta daidai a kan ruwa. Wasu kan ƙara wa hannun inji tsawo da guntun bututu don su samu zama a tsakiya.

Injin irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai ne, kamar ƙaramin janaretan da ke ƙofar kowane shago a garuruwanmu, awo ɗaya na baƙin mai cikin awo 50 na fetur ko kusa da haka. Gwani ba ya barin marsa sai ya waiwaya ya ga siririn ruwan nan da inji ke tsartuwa ta baya. Shi ne shaidar cewa famfon sanyaya inji na aiki. In tsartuwar ta tsaya, ko leda ta toshe mashigar ruwa ko gishiri ya daskare a ciki, kuma cikin 'yan mintuna injin zai ƙone. Gishirin wannan teku ya fi na yawancin tekuna: kusan kashi 40 cikin 1,000, alhali matsakaicin na duniya 35 ne, saboda babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinsa, ga rana na ta shanye ruwan. Komai na ƙarfe cinye shi yake yi. Shi ya sa za ka ga masunci da fulogi na ajiya da sifana da igiyar tayar da inji a naɗe cikin leda, a cikin gwangwani mai murfi, kuma filafili bai taɓa barin hurinsa ba. Akwai kuma wata 'yar igiya ja da ke haɗe da makashin inji, wadda ake ɗaurawa a wuyan hannu. In mutum ya faɗa ruwa sai ta fizge, inji ya mutu nan take. Wanda bai ɗaura ba, yana cikin ruwa zai ga hurinsa na tafiya ya bar shi, babu kuma wanda zai juyo da shi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne karatun launin ruwa. Ruwan nan garau yake, don haka zurfinsa a launinsa yake bayyana. Shuɗi mai duhu zurfi ne, a wuce da gudu. In ya fara washewa ya koma kore-kore mai haske, yashi ne a ƙasa, ruwan ya ragu amma ba haɗari. In aka ga tabo ƙasa-ƙasa ko rawaya-rawaya, kan murjani ne dab da fuskar ruwa, wanda zai iya karya farfela ko ya tsaga cikin jirgi. Amma wannan karatu sai rana ta yi sama, ko tana bayan mutum. To ga inda gizo ke saƙar: gaɓar Sudan gabas take kallo. Mai fita da safe rana na cikin idonsa, mai dawowa da yamma ma rana na cikin idonsa. A duka tafiyoyin biyu ruwa ƙyalli kawai yake yi, ba a ganin abin da ke ƙarƙashi. Saboda haka ƙofar marsa da lungunan da ke bayanta a ka ake haddace su: bayan dutse na biyu a karkata dama, a miƙe har sai wancan tsauni ya daidaita da wancan gini, sannan a saki totur. Ga wani abin kuma. A wannan yanki ruwa ba ya cika yana janyewa sosai kullum kamar yadda yake yi a Legas ko Akara, amma yana canjawa da lokacin shekara, ya yi sama a watannin sanyi, ya sauka da zafi, bambancin ya kai rabin mita ko fiye. Hanyar da huri ya bi lafiya a Janairu tana iya cinye farfela a Agusta. Masunci na riƙe da taswira biyu ke nan a kansa.

Yadda yake gano wurin kifinsa ma abin a tsaya a duba ne. Teku ba ta da alama, amma bayan gaɓa akwai jerin tsaunuka da suka bi ta daga kudu zuwa arewa. Sai ya zaɓi abu biyu, ɗaya kusa ɗaya nesa, misali hasumiya a bakin ruwa da ƙololuwar wani tsauni. Muddin biyun na kan layi ɗaya a idonsa, ya san yana kan wani miƙaƙƙen layi a ruwa. Sai ya nemi wasu biyun a wani ɓangare. Inda layukan biyu suka gitta juna, nan ne wurin, kuma zai iya komawa kansa bayan shekara bai kauce da fiye da tsawon 'yan jirage ba. Irin waɗannan alamomi dukiya ce, uba ke gaya wa ɗansa, ba a faɗar su a wurin shan shayi. A watannin Yuli da Agusta, lokacin da iska ke kwaso ƙura daga wajen Tokar ta rufe tsaunukan, sai ya koma ga zarensa: ya saki darma har ƙasa, ya ƙirga gaba nawa ta ci, ya ji a yatsa ko yashi ta taɓa ko dutse. Matasa yanzu na adana wuraren a waya ko na'urar GPS, kuma ban ga laifin haka ba, ta ceci rayuka. Iyakarta dai ta kai mutum wurin. Ba za ta gaya masa yau ruwa ta wane gefen dutse yake bugowa ba, alhali a gefen da ruwa ke bugowa manyan kifaye ke tsayawa suna jiran abinci.

In ya isa, sai ya kashe inji tun da sauran tazara, ya bar huri ya silale. Angarsa sau da yawa rodi ne aka lanƙwasa, da gangan aka zaɓi mai laushi, domin in ta maƙale a dutse ya ja da ƙarfi sai haƙoran su miƙe ta fito, ya sake lanƙwasa su da hannu. Masu hankali a cikinsu kan nemi filin yashi su jefa, don sun san murjanin da aka farfasa shekaru yake ɗauka kafin ya farfaɗo, kuma shi ne gidan kifin.

Yanzu aka zo ga zare. Babu sandar fatsa, babu na'urar naɗi. Zaren roba ne mai kauri a naɗe jikin guntun katako, da ƙugiya ɗaya ko biyu. Akwai dabarar da wasu ke yi wadda ta isa a yi mata jinjina. Masunci zai ɗauki dutse daidai cikin tafin hannu, ya ɗora ƙugiya mai sardin a kai, ya ƙara dakakken sardin, ya naɗe da zaren sau da yawa, ya soke da ɗaurin zarge, ya saki. Dutsen na jan zaren ƙasa da sauri, ya ratsa ƙananan kifayen sama masu satar abinci. Da ya kai zurfin da ake so, sai ya fizgi zaren sau ɗaya. Ɗaurin ya kwance, dutsen ya wuce ƙasa, dakakken sardin ya watsu ya yi gajimare, ƙugiyar kuma ta rage tana lilo a tsakiyarsa ba nauyin komai a jikinta. Kifin da ya zo ya ɗauka ba zai ji abin da zai tsorata shi ba.

Daga nan komai ya koma kan yatsa manuniya. Zaren na kwance a kanta, an rufe ta da yankin tsohon tub na taya don kada ya yanka. Ta nan masunci yake jin abin da ke faruwa mita 30 ko 40 a ƙarƙashinsa. Kifin da ake kira sha'ur yakan ɗan ƙwanƙwasa sau biyu ko uku kafin ya ɗauka ya gudu. Kifin bayad kuwa ba ya sallama, fizga ɗaya yake yi ya nufi fili. Najil kuwa, jan kifin nan mai ɗigo-ɗigon shuɗi da ke cikin mafiya tsada a kasuwannin Bahar Maliya, shi da 'yan uwansa gushar, nauyi kawai za ka ji, sannan su juya da gudu su nufi raminsu. Daƙiƙun farkon nan su ne duka wasan. In aka ba shi ko gaba biyu na zare ya shige kogo, sai ya buɗe marufan kunnuwansa ya tokare, murjani kuma ya yanke zaren. Dole a ɗago shi daga ƙasa nan take, hannu bayan hannu, ba tsayawa. Amma ba a taɓa naɗa zaren a hannu, komai daɗin kamu, domin abin da ya ɗauka zai iya zama kifin da ya fi mutum ƙarfi, ya datse yatsa ko ya jawo shi cikin ruwa. Zaren da ake jawowa kuma a tsakanin ƙafafu ake zuba shi a shimfiɗe, yadda in kifin ya sake gudu zai fita ba tare da ya harɗe ba. Duk wannan a zaune ake yinsa, a tsakiyar huri, gwiwoyi a tokare da gefe, don kwale-kwale mai faɗin mita ɗaya da 'yan kai ba ya yafe wa wanda ya leƙa da dukkan jikinsa.

Ba shi kaɗai ke farauta a wurin ba. Agam, dogon kifin nan mai haƙora kamar zarto, da kifin shak, suna jin motsin kifin da ya kamu, kuma sau da yawa kai kawai ke isowa sama. Gwani ba ya jayayya da su. In aka yi masa haka sau biyu a jere sai ya ɗaga anga ya canja wuri. Kifin da ya fito daga zurfi kuma yakan iso da tumbinsa a baki, idanu a waje, saboda kowane mita 10 na ruwa nauyin iskar duniya guda yake ƙarawa, jakar iskar da ke cikinsa sai ta kumbura yayin da ake jawo shi. Irin wannan ko an mayar da shi da wuya ya rayu, shi ya sa masunci mai tunani ke barin wurin da ya ga ƙanana sun yi yawa, ya kuma sa babbar ƙugiya da bakinsu ba zai ɗauka ba. Najil na da wani hali da ya sa wannan ya zama dole: yawancinsu mata suke fara rayuwa, sai sun girma wasu ke rikiɗa su koma maza, kuma a wurare sanannu suke taruwa lokacin haihuwa. Wanda ya kwashe taron ya ci na bana ya ci na baɗi. A tsallaken teku hukumomin Saudiyya kan rufe kamun najil na wani lokaci a shekara saboda wannan dalili.

Ƙanƙara ita ce rabin riba. A garin da zafi ke haura digiri 40, kifin da aka bari a rana awa biyu ya tashi daga na fitarwa waje ya koma na soyawa a bakin titi. Ana ɗago shi za a buge kansa, a kwantar da shi cikin akwati, a rufe da ƙanƙara, a mayar da murfi.

Sai kuma shawarar da ta fi kowace wuya, wato yaushe za a tashi. A yawancin shekara iska daga arewa take busowa a wannan gaɓa. Da sassafe takan yi laushi, rana na ɗagawa tana ƙara ƙarfi, kafin azahar ruwa ya fara fitar da farin kumfa. Saboda haka mai lura kan nufi arewa da safe, yana fuskantar iska tun tana da sauƙi, don in ya juyo da lodi ta zama a bayansa, in ma inji ya ƙi tashi ta tura shi wajen gida. Fetur kuma kashi uku yake raba shi: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. A hanyar dawowa hannunsa ba ya barin totur. Yana ƙara wuta in zai hau bayan igiyar ruwa, ya sassauta in ya kai samanta, don kada huri ya zurma da hanci cikin ta gaba ko ya juya ya ba ta gefe. Jarabawar ita ce sau da yawa a daidai lokacin da ya kamata a tashi ne kifi ke ci sosai. Ga kuɗin fetur da bai fito ba, ga iyali na jira, ga najil na ɗauka. Mutumin da zai naɗe zarensa a wannan hali don ya ga launin sama ya canja ta arewa, shi nake kira gwani. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma tsofaffin masuntan da ake gani a marsa suna gyaran ƙugiya, waɗanda suka iya tashi da wuri ne suka kai tsufan.

Shekarun nan ba su yi wa masu wannan sana'a da sauƙi ba. Bayan da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, Fot Sudan ta cika da 'yan gudun hijira da ma'aikatun gwamnati, fetur ya yi tsada, kayan gyaran inji suka yi wuya. A Agustan 2024 madatsar Arba'at, wadda garin ya dogara da ita wajen ruwan sha, ta ɓalle, a garin da ko ƙanƙarar kifi da ruwan daɗi ake yin ta. Duk da haka huri bai daina fita ba. Abin da mutanen nan ke bukata ba shi da yawa: rigar ceto, ƙanƙara mai araha a ƙauyukan su irin Muhammad Ƙol da Dungunab, da kuma a tsare musu ruwansu daga manyan jiragen da ke jan raga suna share ƙasan teku. Kamun zare da ƙugiya na cikin hanyoyin su mafi tsabta da ɗan Adam ya sani, don kifi ɗaya-ɗaya yake ɗauka, mai shi kuma yana ganin abin da ya kama.

Mai karatu, in hanya ta kai ka kasuwar kifi ta Sigala a Fot Sudan, ko ta Bangala a Jidda, ka je da sassafe ka duba najil da ke kan tebur. Jikinsa sumul, babu shatar raga a wuyansa, sai ɗan huji guda a gefen leɓe inda ƙugiya ta shiga. Da hannu aka jawo shi daga gindin dutse. In aka faɗa maka kuɗinsa, kada ka matsa wa mai shi da ciniki.